Ƙoshin Kaka Ba Ya Tuna Marka

'Yan'uwa manoma, akwai wani hali namu na 'yan Adam da ya kamata mu tattauna a taron ƙungiya, watau yadda ƙoshi ke mantar da mutum yunwa. A watan Nuwamba maigida ya dubi buhunan masara jibge a zaure, sai ya ga kamar ba za su ƙare ba. Yau buhu biyu su tafi kasuwar Dandume don babur, gobe ɗaya ya tafi Bakori don biki. Can a watan Agusta, marka ta sauka, mutumin nan ne za ka gani yana awon tiya-tiya da tsada, ko ya je ya ci falle, ya jinginar da amfanin da bai ko nuna ba.

Iyayenmu ba su fi mu haƙuri ba, tsarinsu ne ya fi namu kariya. A da auduga ce ta kuɗi, ana kai ta injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, dawa da gero kuwa na ci ne, akwai kuma rumbun tsimi da ba a taɓawa. Gidajen da ke da shi sun ga amfaninsa a farin 1973. Daga 1975 zuwa 1980 shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara. A 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumar sayen auduga. Sannu a hankali masara ta zama ita ce tuwo, ita ce kuma kuɗi. To, rumbu ɗaya ke nan ciki da aljihu ke ja, aljihu kuwa kullum shi ke riga zuwa.

Mun sani ba kowa ke sayarwa don sha'awa ba. Akwai kuɗin makaranta, da magani, da bashin taki wanda mai shi ba ya jira. Ba kuma muna cewa a ɓoye hatsi don neman ƙazamar riba ba ne. Waɗanda suka tara buhuna a kakar 2024 suna jiran tsada sun ji jiki da farashi ya faɗi a 2025. Maganarmu a kan abincin gida ce kawai, wanda ko farashi ya hau ko ya sauka yara za su ci shi.

Tun da mutum shi kaɗai ba ya iya tsare kansa daga kansa, sai ƙungiya ta taimaka. Kafin a sayar da ko tiya ɗaya, maigida da uwargida su zauna su ƙidaya bakunan gida da watannin da suka rage zuwa sabon amfani. Uwargida ta fi sanin wannan lissafi, ita ke awo kullum, ko da yake ba safai ake tambayarta ba. Abin da aka ware na Yuli da Agusta a kai ɗakin ajiyar ƙungiya, a rubuta suna, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun mata. Buhunan PICS masu leda biyu a ciki suna tsare hatsi daga ƙwari ba tare da magani ba, muddin ya bushe sarai aka kuma ɗaure bakin da kyau.

Wani zai zo a watan Janairu da hujja mai daɗin ji, yana roƙon a ba shi nasa. Shi ya sa muke so kowace ƙungiya ta tsai da ranar buɗewa tun yanzu, gaban kowa, ta kuma rubuta larurar da za ta sa a buɗe kafin ranar, kamar ciwo mai tsanani ko gobara.