Gani Ya Kori Ji: Awon Matsi Bayan Gyaran Bawul

Sau da yawa akan kai mota gareji a sauke kan inji, wanda kanikawa ke kira tof-silinda, a goge bawul, a sa sabon gasket, a mayar a ɗaure. Da an tayar sai a ji inji yana karkarwa, ba ya iya jan hawa. Nan take musu ya kaure: mai mota ya ce an ɓata masa inji, bakanike ya ce ai zoben fistan ya ci tun da can. A ganinmu wannan gardama ba ta da dalili, domin ma'aunin matsi yana iya raba ta cikin 'yan mintoci. Don haka bai kamata a ce aikin bawul ya kammala ba sai an auna kowace silinda, kafin kwancewa da kuma bayan ɗaurewa.

Inji mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, yana zuƙar iska da mai, ya matse su, ya ƙona, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Ɗalibin da ya karanta dokar Boyle ya san cewa idan aka ƙuntata wa iska wuri, matsinta yana ƙaruwa, muddin ba ta sami kafar zurarewa ba. Kafofin nan kuwa uku ne: bawul, da gasket, da zoben fistan.

Ga yadda ake awon. A bar inji ya yi ɗumi, a cire dukkan fulogi, a katse wuta da mai, a taka totur har ƙasa, a juya inji da sitata, ana rubuta lambar kowace silinda. Abin lura shi ne bambancin da ke tsakaninsu, wanda ba a so ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. A ce uku sun ba da bar 12, ɗaya ta ba da 8, to, ga mai laifi nan. Sai a zuba mata man inji kamar ƙaramin cokali guda a sake gwadawa. Idan lambar ta tashi sosai, zobe ne, domin man ya toshe kafarsa na ɗan lokaci. Idan ba ta motsa ba, a tuhumi bawul ko gasket. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare kuwa galibi gasket ne ya buɗe a tsakaninsu. Wanda ke da famfon iska yana iya hura ta ramin fulogi, fistan yana sama, bawul a rufe: huci a salansa na nuna bawul ɗin hayaƙi, kumfa a lagireto na nuna gasket ko tsagewa.

Akwai wani dalili da ake yawan mantawa da shi. Idan aka goge mazaunin bawul, bawul ɗin yakan ƙara nutsewa, 'yar tazarar tafet ta ragu. In ba a sake daidaita ta ba, bawul ba zai zauna daram ba. Tun da ta mazauninsa yake sauke mafi yawan zafinsa, ba da daɗewa ba zai ƙone, aikin da aka biya jiya ya koma sabo.

Wani zai ce tsohon bakanike da kunne yake gane ciwon inji. Ba mu raina gwanintarsa ba, amma kunne ba ya barin shaidar da za a nuna wa mai mota. Lambobin da aka rubuta kafin aiki su ne za su wanke bakanike idan zobe ya riga ya ci, su kuma kare mai mota daga sayen kayan da ba ya bukata.

Saboda haka muna kira ga malaman kimiyya da na makarantun koyon sana'a da su nemi tsohon inji da ma'auni guda, su bar ɗalibai su auna da hannunsu, su rubuta, su faɗi dalili. Yaron da ya saba da neman lamba kafin yanke hukunci ya kama hanyar kimiyya, ko da a gareji zai yi rayuwarsa.