Kwanon da Aka Raina Jiya

A shekarar 1894 wani Ba'amurke, Louis Comfort Tiffany, ya yi rajistar wani gilashi da ya raɗa wa suna Favrile, mai sauya launi kamar wuyan tantabara a hantsi. Kayan attajirai ne. Zuwa 1908 kamfanin Fenton ya samo hanya mai araha: a danna narkakken gilashi cikin mazubi, a fesa masa sinadarin ƙarfe tun da zafinsa, sai sheƙi ya fito. Farantai da kwanuka suka cika kasuwa har darajarsu ta zube, aka koma rabon su kyauta a wuraren wasa. Yau masu tara kayan tarihi ne ke rububinsu a gwanjo, domin abin da kowa ya raina shi ne ba wanda ya adana.

Namu kwatankwacin yana ɗakin kakanninmu mata, wato jere. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, kuɗin auduga da gyaɗa suka riƙa komawa kwalla da langa da fanteka, daga baya tangaran da gilashi suka samu gurbi a kabad. Ba don cin tuwo ake sayen su ba. Jere taska ce ta mace: da shi ake auna gatan amarya, shi take ragewa ta sayar ranar da rashin lafiya ya shigo, daga cikinsa take fitar wa 'yarta kayan ɗaki. Wanda ya iya karanta jere zai gaya maka shekarar da noma ya yi albarka a gidan.

To ina jeren yake yanzu? Wani ya tafi hannun 'yan jari-bola a kan kilo, wani an musanya shi da roba. Mafi ciwo shi ne na ƙauyukan Tsafe da Bungudu, inda 'yan bindiga suka tayar da mutane. Mai gudun tsira da goyo a baya ba ta ɗaukar tangaran, wadda ta samu fitowa da 'yan kwanuka kuwa, da isarta Gusau take sayar da su ta sayi masara. Ba mai ganin laifinta.

Laifin namu ne, mu da muka yi boko, muke ganin jere ƙauyanci alhali muna yaba irinsa a gidajen tarihin Turai. Ban ce kwallar Hajiya za ta yi tsadar Tiffany ba, kuma ba tsadar ce hujjata ba. Kwanon da ba a san mai shi ba ƙarfe ne kawai. Jami'ar Tarayya ta Gusau na da ɗaliban da za su iya shiga gidaje da izini, su ɗauki hoton jere, su rubuta wa ya saya, a wace kasuwa, don auren wa. Tsofaffin da ke da amsar suna nan da ransu, wasunsu a gidajen 'yan'uwa a Tudun Wada da Sabon Gari.