Idan waya ɗaya ta tsinke, me ya rage mana?

Wutar lantarki ba ta tsirowa daga ƙasa kamar gero. Ana haɗa ta a wuri mai nisa, sannan manyan wayoyi su ɗauko ta bisa turakun ƙarfe. Shekaru da dama, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga Nijeriya take zuwa. Waya ɗaya tana fitowa daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Wata kuma tana fitowa daga Katsina, ta biyo Gazawa, ta ciyar da Maraɗi da Damagaram.

Masana lantarki suna da tambaya ɗaya da suke auna ƙarfin tsarin wuta da ita: idan waya ɗaya ta faɗi, sauran za su iya ɗaukar kayanta? Manomi ya san wannan lissafi. Jakuna biyu suna ɗauke da buhunan gero, ɗaya ya gurgunce a hanya. In aka ɗora wa na biyu kayan duka, shi ma sai ya durƙushe. Haka wayoyi suke. Wutar da ta rasa hanyarta takan afka wa wayar da ta rage, nauyi ya yi mata yawa, ita ma ta yanke. In kuwa tun farko jaki ɗaya ne, babu ma abin lissafawa.

Mun ga haka da idonmu. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke mana wuta, ba ta maido ba sai a 2024, bayan ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi. Wasu suna cewa wannan siyasa ce kawai. Amma a watan Oktoba na 2024 jihohin arewacin Nijeriya su kansu sun kwana cikin duhu fiye da mako guda, saboda manyan wayoyi biyu sun lalace. Guguwar damina ma tana iya kayar da turke, ita da ba ta san siyasa ba.

Wani zai ce: mu a ƙauyukan Ɗan Gulbi, da fitila muke kwana, ina ruwanmu? Da ruwanmu. Allurar rigakafin da ake yi wa ƴaƴanmu daga Maraɗi take zuwa, ta biyo Dakoro, kuma dole ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8 duk tsawon tafiyar. In firijo ya mutu ta yi zafi, ƙarfinta yakan ragu. Uwa ta taka doguwar hanya da goyo, an yi wa yaro allura, amma ƙyanda na iya kama shi. Allurar dabbobi ma sanyin take bukata. A jikin kwalbar rigakafin yara akwai ɗan tambari, murabba'i fari cikin da'ira. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, kwalbar ta lalace. Uwa tana da ikon roƙon malamin asibiti ya duba shi.

Ra'ayina shi ne, kowane gidan likita ya sami hanya ta biyu da ba ta jiran waya, wato firijo mai aiki da hasken rana. Rana dai ba mu rasa ta ba. Na san yana da tsada, kuma ƙurar hunturu tana rufe faifan har ƙarfinsa ya ragu. To, a sa mutum guda ya riƙa goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya.

A taron kwamitin lafiya mai zuwa, a tambayi malamin asibiti: firijonmu da me yake aiki, in ya tsaya awa nawa allura za ta jure, kuma wane gari mafi kusa za a kai ta? A rubuta amsar a takarda, a manna a ƙofar gidan likita.