Tauraron nan, na wane ne?

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ran hawan salla ya san cewa kafin sarki ya fito, sunansa ne ke fitowa. Kakaki da algaita su share masa hanya, maroƙa su jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har su iso kan Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa. Tanimun ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa, ganuwar ma yawancinta ta zube, amma sunan yana nan daram, domin akwai bakunan da aka ɗora wa nauyin riƙe shi. A ƙasarmu suna sana'a ne, yana da maƙeransa, kuma yana da mai biya.

Wani masani Bafaranshe, Edgar Morin, ya wallafa littafi a 1957 kan taurarin sinima, inda ya nuna cewa kamfanonin fim ne ke ƙera tauraro kamar haja, sa'an nan ƴan kallo su ɗaukaka shi har ya wuce matsayin ɗan Adam. Mun karanta shi a jami'a, mun jinjina kai, alhali tsohuwar da ke sayar da ƙosai a Zango ta riga mu sanin rabin zancen. Sai dai namu tsarin ya sha bamban da na Turai. A da, mawaƙi shi ke ƙera sunan wani, shi kuwa ana yi masa kallon maroƙi: a ba shi riga da doki, a hana shi ɗiya.

To amma wannan maroƙin da aka raina yana da makamin da ko barde ba ya da shi, wato zambo da habaici. Ma'azu Ɗan Alalo makaɗin fada ne, abincinsa daga hannun sarauta yake fitowa. Duk da haka, waƙarsa da ta fi zama a zukatan mutane ita ce wadda ya yi wa Bodo, wato Baudot, jami'in mulkin mallakar da talakawa suka ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa wajen aikin tilas. A sama kamar kirari, a ƙasa kuwa bulala. Jama'a sun riƙe sunan Ɗan Alalo saboda ya faɗi abin da ke cikinsu a lokacin da faɗinsa ke iya kai mutum gidan kaso. A ganina wannan shi ne ma'aunin shahara ta gaskiya.

Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta gaji fada wajen raba suna. Ta farfaɗo da samariya, ta kafa gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ta kuma buɗe bikin matasa na ƙasa nan Damagaram a 1976. Muryar Sahel da Tele Sahel suka kai sunayen ƴan kokowa irin su Langa-Langa, wanda filin kokowar garinmu ke ɗauke da sunansa, har rugar da ba ta taɓa ganin kwalta ba. Ƙungiyar wasan kwaikwayon Yazi Dogo ta sa ƙasa dariya, kuma cikin dariyar ta soki ma'aikaci maciyin hanci da ɗan kasuwa mai algus. Sai dai kowa ya san inda iyakar take. Ana iya taɓa akawu, ba a taɓa mai kaki.

Da taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu, mun zaci bakin mawaƙi zai saku. Abin da muka gani a zaɓen 1993, wanda ya kai ɗan garin nan Mahamane Ousmane kan mulki, da zaɓukan da suka biyo baya, shi ne ubangida ɗaya ya rikiɗa ya zama goma. Kowace jam'iyya da makaɗanta, da atamfarta, da kaset ɗinta. Zambo bai mutu ba, haya aka riƙa ba da shi: a zagi abokin hamayyar mai biya bana, baɗi in an ƙulla ƙawance a wanke shi tas da baki guda. Ban ware jam'iyya ko ɗaya ba.

Daga baya kasuwar fim ta Kano, wadda ta soma da Turmin Danya a 1990, ta buɗe wata hanya, har ƴar Maraɗi Fati Nijar ta yi suna can kafin gida ya waiwaye ta. Wayar hannu kuma ta sa yaro na iya kwana ba kowa ba, ya tashi dubbai sun san fuskarsa. Wasu na cewa ga ƴanci ya samu. Ina ƴancin yake, ya kai mai karatu, in waƙar da aka kashe jikkuna wajen naɗarta ana tura ta daga waya zuwa waya ba a biya ko dala ba? An kafa ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, tun shekarun 1990, amma mai sauraro bai saba sa hannu aljihu ba. Mawaƙin da dubban masoyansa ba su ciyar da shi dole ya nemi mutum ɗaya da zai ciyar da shi, mutumin nan kuwa ko ɗan takara ne, ko mai muƙami, ko attajirin da ke son a manta inda dukiyarsa ta fito.

Saboda haka, kafin mu zargi makaɗan yau da kwaɗayi, mu da ke cika dandali in shiga kyauta ce, mu watse in an sa tikiti, sai mu fara lissafa nawa muka taɓa biyan mawaƙin da muke jira ya yi wa Bodon zamaninmu waƙa.