Abin da Yabon Juriya Ke Rufewa a Labanan

Wanda ya taso a zangon Kumasi ko na Accra ya san Kwara, mai kanti a bakin kasuwa, amma ba kowa ya san ƙasar da ya baro ba. Idan aka ambaci Labanan, abin da ake fara faɗa shi ne mutanenta masu juriya ne: sun sha yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990, suka share ɓaraguzai, suka sake buɗe kantuna. Gaskiya ne. Sai dai a ganina marubutansu na ƙwarai ba a cikin wannan yabo suka samo abin rubutawa ba, ƙarƙashinsa suka tona.

Ku dubi Hanan al-Shaikh. A 1980, ana tsakiyar ɓarin wuta, ta fitar da Hikayat Zahra. Ba ta ɗauko jarumi daga fagen daga ba. Ta ɗauko budurwa wadda tsoron mahaifinta ya riga ya karya tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba, aka tura ta wurin kawunta a Afirka, ta yi auren da bai yi ƙarko ba, ta komo Beirut, a ƙarshe maharbin da ke kan rufin bene, wanda ta ba amana, ya kashe ta da ciki. Zahra ta yi haƙuri har ya ƙare, kuma haƙurin bai tsare ta da komai ba. Marubuciyar ta gano cewa yaƙin ya fara ne daga cikin gida, inda ba a son a leƙa.

Hukuma kuwa shiru ta zaɓa. A 1991 aka yi dokar afuwa, jagororin mayaƙa suka zama ministoci, littattafan tarihi na makaranta suka tsallake yaƙin, dubban iyalai kuma suka ci gaba da jiran waɗanda suka ɓace. Wanda aka yi wa kirari da juriya, ai an hana shi kai ƙara ke nan.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da mutanen Beirut da yawa suka ƙi karɓar kirarin bayan 4 ga Agusta 2020, ranar da sinadari mai fashewa, wanda tun farko aka jibge kimanin tan 2,750 nasa, ya tashi a tashar jiragen ruwa, ya kashe fiye da mutum 200. Shekara shida kayan suna jibge a rumbun ajiya, manya kuma sun sani.