FILIN LISSAFI: Ruwa nawa ne cikin rijiya?

Rani ya kama. Daga kwarin Tarka na Madawa har Magiya ta Buza, masu albasa da masu shanu suna haɗuwa bakin rijiya guda. Wannan ya ce ya ja wasaki 20, wancan ya ce nasa bido 10 ne kawai. Sai gardama ta tashi, don wasakin wani ba shi ne wasakin wani ba. Maganin gardamar shi ne a maida kowane mazubi ga awo guda, wato litar.

Ga abin da ya kamata a riƙe:
Bido ƙarami, litar 20. Bido babba, litar 25.
Tano, litar 200, wato ƙaramin bido 10 ko babba 8.
Rami mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1 yana cin litar 1.000, wato tano 5.

Tulu da randa da wasaki ba su da lamba a jiki. Sai a ɗauki bidon da aka san awonsa, a riƙa zubawa ana ƙirga har mazubin ya cika. Wasakin da aka juye sau 2 ya cika ƙaramin bido, litar 10 yake ɗauka.

Kwamin siminti mai kusurwa huɗu kuwa, igiyar awo ta ishe shi. A auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ta ciki, ban da kaurin bango. A ninka su, sannan a raba da 1.000. Misali kwami mai tsawo 200, faɗi 50, zurfi 40: 200 × 50 × 40 = 400.000. An raba da 1.000, an sami litar 400, tano 2 ke nan.

Manyan rijiyoyin siminti irin waɗanda OFEDES ta gina suna da faɗin mita 1 da santimita 80. A irinsu, kowane mita guda na zurfin ruwa kusan litar 2.500 ne. A ɗaura dutse ga igiya, a saka shi har ƙasa da asuba kafin a fara ja, a auna wurin da ya jiƙe.

Yanzu ga amfanin lissafin. Da bazara saniya tana shan kamar litar 30 a yini. Makiyayi mai shanu 40 yana bukatar litar 1.200, tano 6, kusan rabin mita na ruwan rijiyar. In ruwan mita 1 ne kawai, garke biyu za su kusa ƙare shi, mata da masu lambu su jira sai ya sake tsattsafowa. Wanda ya san haka yakan shirya layi da maƙwabta tun da wuri.

Ruwan sama ma haka ne. Milimita 1 bisa hekta guda tano 50 ne. Ruwan milimita 20 kuwa tano 1.000. Shi ne ruwan da ramuka da madatsun da aka fara yi a aikin raya ƙasar Keita a 1984 suke tarewa, kada ya gudu cikin ƙorama.

Aikin wannan wata: kwami mai tsawo 300, faɗi 50, zurfi 40, shanu nawa zai shayar? Amsa tana fitowa wata mai zuwa.