Mun Feɗe Waƙa Tun Ba Mu Ji Muryarta Ba

Masana sun ba nazarin waƙa suna mai kyau: feɗe waƙa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta ya san ba a feɗe dabba sai an yanka ta. Abin da muke yi ke nan a ajujuwanmu, daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Ɓaɓura. Mu da muke koyar da Hausa, mu ne masu riƙe da wuƙar, don haka kada wani ya ce muna zagin na waje.

Ku shiga darasin waƙa a sakandare ku gani. Malami ya cika allo: jigo, salo, amsa-amo, kari, ƙwar biyu, ƙwar biyar. Yara su kwafa, su haddace, a tambaye su ranar jarrabawa. Mun taɓa tambayar ’yan aji shida a wata makaranta ko akwai wanda zai rera mana baiti ɗaya daga waƙar da suka yi zango guda suna nazari. Aji ya yi tsit. Dukkansu sun san jigonta, ba wanda ya san muryarta.

Alhali rubutacciyar waƙar Hausa ba don ido kaɗai aka yi ta ba. Imfirajin Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, ba ta allo ta shiga gidajenmu ba. Almajirai da makafi ne suka yi ta rera ta ƙofa-ƙofa har iyayenmu mata da ba su taɓa riƙe littafin boko ba suka haddace ta. Aƙilu Aliyu da bakinsa yake rera waƙoƙinsa tun kafin a tattara su a Fasaha Aƙiliya a 1977. Mu’azu Haɗeja kuwa ɗan ƙasar da ta zama jiharmu ne, amma yaro nawa a Jigawa ya taɓa jin waƙarsa da kunne? Karin da muke wahalar da yara da lissafin gaɓoɓinsa a takarda, kunne ne ke kama shi cikin minti biyu.

Abin takaicin ma, hujja tana maƙwabtaka da mu. Yaron da ya kasa riƙe ɗango biyu da safe, shi ne da yamma a Islamiyya yake zuba baitocin Ishiriniya, da Larabci fa, harshen da bai gama ji ba. Yarinyar da muka rubuta wa “ba ta da ƙoƙari” ita ce ke ba da waƙa a dandalin gaɗa, tana ƙago sabon ɗango nan take, ƙawaye na amshi. Ƙwaƙwalwar ɗaya ce. Malamin Islamiyya ya fara da murya, mu muka fara da ma’anar kalmomin nazari.

Za a ce mana lokaci ba ya isa, ga WAEC da NECO na tafe. Mun ji. Sai dai wanda ya rera waƙa sau goma ba sai an nuna masa amsa-amo da alli ba, shi zai nuna maka. Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a fili: da yawanmu kunya muke ji. Muna ganin in malami ya ɗaga murya a gaban ɗalibai ya zama maroƙi, girmansa ya zube. Sa’adu Zungur malami ne ɗan malamai, kuma da waƙa ya girgiza Arewa kafin rasuwarsa a 1958. Wane girma muke tattali da ya fi nasa?

A firamare, a bar yara su zo da waƙoƙin gida: na reno, na daka, na tashe, a rubuta su a allo su ga cewa abin da kakarsu ke rerawa ma adabi ne. A sakandare, kada a rubuta kalmar “jigo” sai aji ya rera waƙar tukuna. Wanda muryarsa ba ta da daɗi, ai akwai waya a aljihunsa, ya kunna musu. Sannan kowane zango ɗalibi ya rubuta tasa, ko baiti uku ne, a kan dam ɗin Kazaure, ko ranar kasuwar garinsu, ko tsadar taki, ya tashi ranar Juma’a a taron safe ya rera ta a gaban shugaban makaranta.